Miyar Bazara Tun Kaka Ake Haɗa Ta

Lambun gida ba ya ba da abinsa kaɗan-kaɗan. Da zarar marka ta wuce, Satumba ta kama, sai komai ya zo lokaci guda. Kuɓewar da aka tsinka yau, jibi ta sake fitowa. Yakuwa ta cika kunya, kabewa ta haye danga ta kwanta a kan rumfa, barkono ya yi jawur. Mutan gida su ci har su gundura, a aika wa maƙwabta a tarar nasu ma ya ishe su, a kai kasuwa a tarar kowa abin da ya kawo ke nan. Watanni bayan haka, idan bazara ta tsaya, lambun ya koma fili fetal, awaki na yawo a ciki, ɗanyen tumatir kuma sai mai hali. Amma tuwo ba ya fashi, kuma ba a cin sa gaya.

Abin da ke haɗa waccan yalwa da wannan ƙamfa shi ne shanya da ajiya. Aiki ne da aka bar wa mata, ba a kuma cika lissafa shi cikin sana'o'i ba, wataƙila don a tsakar gida ake yin sa. Duk da haka, wanda ya kalli gwanar shanya a Sara tana aikinta zai ga ilimi mai ƙa'ida. Ta san wanda ke son rana da wanda rana ke ɓatawa, wanda ake yankawa da wanda ake bari ɗungurungum, wanda ake toshe wa iska da wanda sai da iska yake zama lafiya. Kowane da hukuncinsa, kuskure ɗaya kuma ya isa ya mayar da wahalar damina abincin tsutsa.

Ƙasa da lokaci

Sara tana cikin Ƙaramar Hukumar Gwaram, maƙwabciyar Birnin Kudu, a kudancin Jihar Jigawa inda ta yi iyaka da Bauchi. Yankin ya fi arewacin jihar samun ruwan sama, yana da fadamu, Kogin Bunga kuma ya ratsa ƙasar Gwaram kafin ya zarce Jama'are. Shi ya sa ake kaka biyu a nan: ta damina mai kawo kuɓewa da ganye da kabewa da wake, da ta lambun rani, daga Janairu zuwa Maris, mai kawo tumatir da tattasai da albasa. Kasuwar Sara tana cikin manyan kasuwannin mako na Jigawa, kuma wanda ya bi layin masu kayan miya zai ga ƙarshen wannan aiki jibge a tiya da buhu.

Duk rigimar shanya da ruwa ake yin ta. Ɗanyar kuɓewa kusan kashi 90 cikin 100 nata ruwa ne, na tumatir ya kai kashi 94. Funfuna da ƙwayoyin da ke ruɓar da abinci ba sa rayuwa sai da danshi. Idan aka sauko da ruwan zuwa kusan kashi 10, sun rasa abin yi. Allah kuma ya haɗa ƙasar Hausa da dace: damina na ɗaukewa, iskar hunturu ke biyo baya daga Sahara, busasshiya ƙarau, har danshinta kan faɗi ƙasa da kashi 20 da tsakar rana. Sai dai akwai 'yan makonni masu wuyar sha'ani a ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, lokacin da kuɓewa ta fi yawa amma ruwan bankwana bai gama sauka ba. A nan ake gane gwana. Idonta na kan gabas, domin daga can hadari ke tasowa, kuma da iska ta sauya za a ji murya daga ɗaki: "Ke 'yar nan, maza kwashe shanyar nan, ki fara da ta kan rumfa!" Shanyar da ruwa ya daka ba ta komawa daidai, ko ta bushe daga baya, launinta ya dushe, ƙanshinta ya tafi.

Kuɓewa

Aikin kuɓewa daga tsinka yake farawa. Kwana 4 zuwa 6 bayan fure ya faɗi, ɗan kuɓewa yana da taushi; a ƙara masa kwanaki kaɗan sai ya ƙosa, ya yi zare, ko an daka shi ba ya yin gari mai laushi. Gwajin ba wuya: a lanƙwasa bakinsa da yatsa, in ya karye ƙas ya yi, in ya tanƙwaru kawai lokacinsa ya wuce. Idan za a wanke, kafin yanka ake wankewa, a bari ta tsane sarai, domin da ruwa ya taɓa yankakkiyar kuɓewa yauƙinta zai tashi, ta manne da juna, ta yi baƙi kafin ta bushe. Yauƙin nan kuwa shi ne dukiyar, so ake ya kwanta a ciki har ranar da za a kaɗa miya.

Ana yanka ta siri-siri, kauri ɗaya, don kada wata ta bushe wata na ɗanye. A baza a tabarma ko faifai ko buhu mai tsabta, ba a jibge ba, a riƙa motsawa da hannu sau 2 ko 3 a yini. Gwanaye sun fi son kan rumfa ko saman soro, nesa da kaji da awaki da yashi. Inda ake da falalen dutse, kamar wurare da dama na ƙasar Birnin Kudu, dutsen kan riƙe zafi ya gaggauta aikin. Da la'asar sakaliya a kwashe kafin raɓa ta sauka, da hantsi a mayar. Cikin kwana 3 zuwa 5, gwargwadon rana, sai ta kai, amma hannu da kunne ke yanke hukunci. A damƙi tafi guda: in ta yi ƙaras-ƙaras, tana karyewa maimakon lanƙwashewa, ta bushe.

Ko da ta bushe ba a dake ta duka. Gari ya fi yankakkiya saurin shan danshi da sakin ƙanshi, ƙwari ma sun fi samun sa da sauƙi. Sai a ajiye yawancinta yadda take, a riƙa ɗiban ta mako ɗaya ko biyu ana dakawa a tankaɗe.

Ganye da inuwa

Ganye ba ya son abin da kuɓewa ke so. Kuka bishiya ce, ba shukar lambu ba, amma ba a raba ta da wannan lissafi, domin da rani takan zubar da ganyenta kaf, wanda bai tanada tun kaka ba sai ya saya. Ana ɗibar ganyen da bai tsufa ba, mara ƙwari, a cire itacen, a baza a inuwa: cikin zaure, ƙarƙashin rumfa, ko ɗakin da iska ke shiga. Ya fi ɗaukar lokaci, amma kukar inuwa kan fito kore shar, ta rana kuwa ta yi ruwan toka, kuma mai saye da ido yake rarrabewa. Binciken da aka yi a Mali a shekarun 1990 ya tabbatar da abin da idon mata ya daɗe da gani: ganyen kukar da aka busar a inuwa ya riƙe kusan ninki biyu na sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, idan aka kwatanta da na rana. Wannan bitamin shi ke kare ido daga dundumi, ya kuma ƙarfafa yara a kan cututtuka. Koren da uwargida ke nema don miyarta ta yi kyau, ashe lafiyar 'ya'yanta take tarawa.

Haka ake bi da zogale da rama da lalo da karkashi. Zogale ya fi su laushi: a wanke, a tsane, a rataye rassan a inuwa, cikin kwana 3 ko 4 ya riƙa kakkaɓuwa da kansa. A tsakiyar rani sai a jiƙa, a dafa, a yi kwaɗo da ƙuli-ƙuli. Tafasa ma, mai fitowa da kanta a bakin hanya, ana tara ta. Tsofaffi ba su manta ranar da ta yi wa mutane a shekarun fari irin su 1973 da 1984 ba.

Yakuwa ta cancanci a tsaya a kanta, domin ba a yar da komai nata. Ganyen na miya da fate. Idan ta yi 'ya'ya, a ɓare jan ɓawon da ke lulluɓe da ƙwallon a shanya ya zama zoɓo, farin kuma a ajiye don miya. Jigawa na cikin jihohin da suka fi noman zoɓo a Najeriya, ana loda shi har Meziko, inda su ma suke jiƙawa su sha, kuma abin da 'yan kasuwar can ke biya shi ne abin da matar ƙauye ta kiyaye: ja mai duhu, babu yashi, babu funfuna, babu ƙwaro. Saura gurguzu, wato ƙwallon. Shi ake dafawa tsawon sa'o'i har ya yi laushi, a rufe a wuri mai ɗumi 'yan kwanaki, a daka, a cura, a shanya, ya zama daddawar batso. Inda kalwa ta yi tsada, ita ke riƙe tukunya. Daddawa, ta kalwa ko ta batso, dabara ce ta daban: a bar ƙwayoyin ruɓa masu amfani su riga masu cutarwa shiga, in sun gama aikinsu sannan a busar.

Kauɗa da kayan ja

Kakar lambun rani ta fi ta damina tsanani, domin tumatir ba ya haƙuri. A Fabrairu da Maris, lokacin da na Kadawa da Kura da kwarin Haɗeja suka haɗu da na fadamun gida, farashin kwando kan faɗi har ya kasa biyan kuɗin motar da ta kai shi kasuwa. Ƙiyasin da ake yawan ambata shi ne kusan kashi 40 cikin 100 na tumatirin Najeriya ke lalacewa kafin ya isa tukunya. Amsar manomi da matarsa tun da daɗewa ita ce kauɗa.

Ba kowane tumatir ke yin kauɗa mai kyau ba. Ana zaɓen mai tsoka da ƙarancin ruwa, irin wanda manoma ke kira UTC, wanda ya nuna sosai amma bai fashe ba. Masu shanya ruɓaɓɓen da kasuwa ta ƙi su ne suka ɓata wa kauɗa suna. Rana ba ta gyara abin da ya riga ya lalace. A raba shi biyu, manya huɗu, a jera gefen da aka yanka yana kallon sama don kada ruwan ya tsiyaye ya tafi da zaƙin. Wasu kan barbaɗa gishiri kaɗan, yana jawo ruwa waje, yana kuma hana funfuna. Raga mai tsabta da aka ɗaga a kan sanduna ta isa ta tsare ƙuda. Mako guda ko fiye ake yi. Kilo 100 na ɗanye ba ya ba da fiye da kilo 7 ko 8 na kauɗa, wato abin da ya cika kwanduna ya koma ƙullin da yaro zai ɗauka a ka. Mai kyau ja ce mai duhu, da ƙanshi mai ɗan zaƙi. Baƙa mai wari ta sha danshi ko ta kwana a raɓa. A shekarar 2016, da ƙwaron da manoma suka laƙaba wa sharon ya cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da Katsina da Jigawa, farashi ya yi tashin gwauron zabo, gidan da ke da kauɗa a tulu bai ji a jikinsa kamar saura ba.

Barkono ɗungurungum ake shanya shi. Tattasai mai tsoka ne, sai an tsaga. Attaruhu ya fi su wuya, don in ba a tsaga ba yakan ruɓe ta ciki alhali wajensa na sheƙi. A nan taka-tsantsan ya zama dole, domin funfunar da ke kama barkono da gyaɗa da masarar da ba su bushe ba tana haifar da dafin aflatoksin, mai lalata hanta, wanda dafuwa ba ta kashewa. Duk wanda aka ɓare aka ga baƙi ko kore a cikinsa, gwana ba ta ƙyashin zubarwa. Ba ta kuma shanya a gefen kwalta: kwalta na da zafi, aikin na sauri, amma da ƙura da hayaƙin mota da kashin dabbobi ake kwashewa.

'Yan shekarun nan wata dabara ta shigo gidaje. A markaɗa tumatir, a dafa har ruwan ya ƙone, a zuba da zafinsa a kwalabe masu murfin ƙarfe da aka tafasa, a rufe, a sake dafa kwalaben cikin ruwa. Wani Bafaranshe, Nicolas Appert, ya wallafa asalin hanyar tun 1810. Tana yi, amma da sharaɗi. Tsamin tumatir ne ke tsare shi, shi ya sa ake ƙara ruwan lemon tsami. Ba a yi wa kuɓewa ko wake ko kabewa haka, don ba su da tsami, ƙwayar cuta mai kisa na iya rayuwa a kwalbar ba wari ba alama. Wadda murfinta ya kumbura kuwa, zubarwa ake yi.

Waɗanda ake ajiyewa da ransu

Kabewa sai ta ƙosa a jikin uwarta, ɓawonta ya yi tauri har farce ba ya shiga, sannan a yanke ta da guntun reshenta. In aka fizge reshen, ta nan ruɓa ke shiga. A bar ta 'yan kwanaki ta sha iska, a ɗora a inuwa ko a ƙarƙashin gado a kan yashi, kada ɗaya ta taɓa ɗaya. Wadda ba ta ji rauni ba takan kai watanni, a yi miyar taushe da ita har cikin ɗari. Albasa kuwa tun tana ƙasa ake fara ajiyarta: a janye mata ruwa idan ganyen ya fara kwanciya, a cire, a bar ta ta sha iska har wuyanta ya bushe ya tsuke. Mai ɗanyen wuya a fara cin ta, ba ta ajiyuwa. Albasa iska take so, ba a ƙulle ta a leda. Manoman Aliero a Jihar Kebbi rudu suke yi mata da kara da ciyawa. Lawashin ma ba asara ba ne: a daka, a cura, a shanya, ya zama gabu.

Ga kayan da ake son ci ɗanye, ko a jira ranar kasuwa da su, daga Jigawa amsar ta fito. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Jihar Jigawa da ke Dutse, ɗan gidan maginan tukwane, shi ya yaɗa tukunya cikin tukunya a shekarun 1990. A saka ƙaramar tukunyar ƙasa cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma, a ajiye a inuwa inda iska ke kaɗawa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin babbar yana bin iska, yana tafiya da zafin ciki, kamar dai yadda randa ke sanyaya ruwan sha. A gwajinsa, gautar da ke yaushi a kwana 3 ta kai kwana 27, tumatir da tattasai suka kai mako 3, alayyahun da ba ya kwana ya yi kwana 12. Ya raba dubban tukwane a ƙauyukan Jigawa da kuɗin aljihunsa, aka ba shi lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000. Da rani dabarar ta fi aiki, kuma sai an riƙa jiƙa yashin safe da yamma.

Ma'aji

Busarwa rabin aiki ce. Kuka da kuɓewa da kauɗa ana zuba su a tulu ko gora ko bokitin roba mai murfi, amma sai sun huce, domin abin da aka rufe da ɗumin rana kan yi gumi. A ɗora mazubin a kan dutse ko katako, ba a jingine da bango ba, saboda gara da sanyin ƙasa. Kafin damina ta faɗi a fito da komai, a duba, a sake nuna masa iska, a mayar.

Wake ya fi kowa fitina, don ɓarawonsa tun daga gona yake biyo shi. Ƙwaron kan yi ƙwai a jikin kwanso, tsutsar ta huda ta shige cikin ƙwayar, cikin mako 3 zuwa 4 ta fito ita ma ta haihu. Buhun da aka ɗaure yana sheƙi a Nuwamba na iya zama ramuka da gari kafin Maris. Iyayenmu sun san maganinsa: a shanya har ƙwaya ta fashe ƙas a haƙori, a cakuɗa da tankaɗaɗɗiyar toka ko yashi mai laushi har ya cike duk wani gurbi, a zuba a tulu a liƙe baki da laka. Ƙwaro ya rasa wurin motsi da iskar shaƙa. Yau jarka mai tsabta da aka cika taf aka ɗaure murfinta tana yin aikin. Buhun PICS mai ninki 3, leda biyu a ciki da buhun saƙa a waje, wanda masanan Jami'ar Purdue ta Amurka suka samar tare da abokan aikinsu na Kamaru, aka kuma fara yaɗa shi a Afirka ta Yamma a 2007, bisa wannan ƙa'ida yake: a toshe iska, ƙwaro ya mutu da kansa.

Abin takaici, wasu sun bar wannan sun koma yayyafa fiya-fiya a kan abinci. Guba ce, ba don cikin mutum aka yi ta ba, kuma ragowar irinta a jikin wake ce ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Toka da tulu sun fi cin lokaci, amma wanda ya ci waken ba ya kwana da fargaba.

Iri

Gwana ba ta ɗaukar ragowar da aka tsinka aka bari ta ce iri ne. Tun lambu na ganiyarsa take sa ido a kan gindin da ya fi lafiya, ya fi saurin haihuwa, kuɓewarsa ta fi yauƙi, ta ɗaura masa tsumma don yara su san ba a taɓa shi. A bar 'ya'yan su bushe a jikinsa, a yanke kafin su tsage, a ɗaure a rataye a madafa inda hayaƙi ke korar ƙwari, ba dab da wuta ba. Barin ƙwaya cikin kwansonta dabara ce tsohuwa. Ita ce shawarar da Annabi Yusuf, alaihis salam, ya ba mutanen Masar game da hatsinsu, ita ce kuma ta sa ake zuba gero da dawa a rumbu da zangarniyarsu. Irin tumatir da kabewa da gauta a wanke, a busar a inuwa, a gauraya da toka, a zuba a ƙaramin gora a toshe. Da wannan zaɓe na shekara da shekaru aka samu irin da ya saba da ƙasar Gwaram, ruwanta da ƙwarinta. Haɗaɗɗen irin kamfani yana da yabanya, amma in aka ajiye 'ya'yansa ba sa gadon uwarsu, sai an koma an saya kowace shekara.

Ladan aiki

Matar da ta busar da kuɓewa lokacin da ake rabon ta kyauta, ita ke sayar da ita a cikin gida da bazara, cokali-cokali ko gwangwani-gwangwani, ko ta aika da tiya kasuwar Sara. Daga nan ake zubin adashi, a sayi akuya, a tara kayan ɗakin 'ya. Ranar da za a kai gara, ba a rasa kuka da kuɓewa da daddawa a cikin kayan, dangin ango kuma na buɗewa su duba. Daga koren kukar ake gane irin gidan da amarya ta fito. A tsakar gidan nan ake koyon abin. Yarinya ta fara da korar kaji daga shanya, ta kai ga yanka, har ranar da Inna za ta miƙo mata tafin kuɓewa ta ce, "Taɓa ki faɗa min, ta yi ko da saura?"

Masu bincike ma ba su zauna ba. Cibiyar binciken adana amfanin gona ta ƙasa, NSPRI, mai hedikwata a Ilori da reshe a Kano, ta daɗe tana ƙera akwatunan shanya masu aiki da zafin rana, rufaffu daga ƙura da ƙuda. Inda mata suka haɗa kai suka mallaki ɗaya, kauɗarsu za ta iya shiga kantunan birni. Sai dai akwati ba ya zaɓen kuɓewar da ba ta ƙosa ba, bai san kuka inuwa take so ba, ba ya jin ƙarar da ke nuna an kai. Wannan sani yana hannun mata, kuma yawancin abin da suke buƙata ƙarami ne: gadon shanya da aka ɗaga daga ƙasa, raga mai tsabta, mazubi mai murfi, da maigidan da zai kafa rumfa tun kuɓewa ba ta fara zuba ba, tunda ba a fafe gora ranar tafiya. Malamar gona da aka turo Sara don ta koyar da ajiya za ta fi cin riba in ta yi sallama, ta gaida Gwaggo, ta tambaye ta yadda take yi, sannan ta ga inda nata ilimin zai ƙara.